Ɗawainiyar Tarika: Kyauta ce ko Bashi?

A wata muhawara da muka yi kan rabon gado, wani ɗan'uwa malami ya tsaya kai da fata cewa babban wa da ya riƙe dukiyar mahaifinsu kafin a raba ba shi da ikon neman abin da ya kashe. Hujjarsa ita ce zumunci: wanda ba a sa shi ba, ya ɗauki nauyi da kansa, to kyauta ya yi, kuma ba a janye kyauta. Ina ganin wannan magana, duk da daɗinta a kunne, ba ta dace da abin da mazhabarmu ta tafi a kai ba.

Jerin haƙƙoƙin da ke kan tarika sananne ne a Mukhtasar na Khalil: abin da ya rataya da wata kadara kamar jingina, sai kuɗin jana'iza gwargwadon al'ada, sai bashi, sai wasiyya daga sulusi, sannan magada. Haka nan sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ba nan saɓaninmu yake ba.

Saɓanin yana cikin watannin nan, wani lokaci shekaru, da ke tsakanin binne mamaci da ranar rabo. Damina ba ta jiran alƙali. Soro na bukatar yaɓe, shanu na bukatar dusa da harawa, gona na bukatar mai tsaro, ga kuɗin masu ƙiyasta kadara da zirga-zirgar kotu. Tun daga ranar rasuwa dukiyar ta zama ta magada gaba ɗaya, don haka wanda ya gyara katangar da ke shirin faɗuwa ya gyara rabon kowa ne, har da na ƙanwar da ke aure a wani gari. Idan muka ce kyauta ce, mun ɗora wa mutum ɗaya nauyin goma, kuma mun koya wa na baya ya zuba ido gida ya rushe.

Malamin ya ce ai niyya a zuci take, wa ya san da me ya kashe? Tambaya ce mai nauyi, amma malamanmu sun riga sun amsa irinta. A babin ciyarwa Khalil ya ba wanda ya ciyar da ƙaramin yaro damar komawa kan dukiyar yaron, matuƙar ya san yaron na da dukiya a lokacin, kuma ya rantse cewa ya ciyar ne don a biya shi. A babin wasiyya kuma ya karɓi maganar wasiyyi kan yawan abin da ya ciyar, amma bai karɓa ba kan miƙa dukiyar bayan balaga, sai da shaidu, daidai da aya ta 6 ta Suratun Nisa'i. Ashe ɓoyuwar niyya ba ta kashe haƙƙi. Rantsuwa ake nema ta fito da ita. Malamin ya sake cewa Bahaushe na jin kunyar rubuta abin da ya kashe wa gidansu. Gaskiya ne, kuma ina zaton kunyar nan ta raba zumuncin da ya fi wanda rasit ya raba yawa, domin abin da aka ƙi faɗa ranar sadakar uku shi ke fitowa gaban alƙali da murya sama.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Nassosin nan biyu suna magana ne kan mai ciyar da yaro da kuma wasiyyi. Miƙa su zuwa ga magajin da ya naɗa kansa ƙiyasi ne, ba nassi ba. Abin da zan iya karewa shi ne kuɗin da, in ba a kashe shi ba, kadarar za ta lalace ko ta salwanta. Sabon fenti da tayal ba sa ciki. Ladan wahalarsa ma ba ya ciki, sai in alƙali ya yanka masa ko magada sun yarda.

Abincin zaman makoki da sadakar bakwai da ta arba'in kuwa, a nan ni da malamin muka haɗu, ko da yake ta hanyoyi daban. Ba sa cikin shirya mamaci, kuma ba su tsare ko tubali ɗaya na tarika ba. Baligan magada na iya yarda a cire daga rabonsu. Maraya mai shekara shida ba shi da yardar da zai bayar, don haka buhun shinkafar da aka dafa wa masu ta'aziyya yana kan wanda ya sa aka saye shi.