Yadda Aka Gane Shekarar Da Malam Musa Ya Shiga Zariya

Kowa ya san Zariya gari ne na ilmi tun zamanin da. Daga ƙasashe masu nisa almajirai kan zo Unguwar Juma da Kona neman nahawu da fiƙihu, a Kwarbai kuwa, inda fada take, akwai masu riƙe da labarin sarakuna. Amma littattafan nan a warwatse suke, wannan a gafaka, wancan a adaka. Mai neman sanin wani abu sai ya bi zaure zaure, in mai littafi ya ga dama ya nuna masa, in bai ga dama ba shi ke nan.

Ran 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Aka yi mata babban ɗakin ajiye littattafai, watau laburare, aka sa masa sunan Sir Kashim Ibrahim, Gwamnan Jihar Arewa. Cikin 1964 kuma aka kafa sashen binciken tarihin Arewa, bisa jagorancin wani malami Bature, H. F. C. Smith, wanda daga baya ya musulunta, ya zama Abdullahi Smith. Ma'aikatan sashen nan suka shiga garuruwa suna roƙon malamai aron takardun Larabci da na Ajami. Waɗansu aka ɗauki hotonsu, aka mayar wa masu su abinsu.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala? To, ga misali daga tarihinmu na Zazzau.

An daɗe ana rubutawa cewa cikin 1804 Malam Musa ya ci Zariya, Sarki Makau ya fita ya nufi kudu, inda daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja, wadda aka mayar Suleja. Haka wani masani, M. G. Smith, ya sa cikin littafinsa na sarautar Zazzau wanda aka buga a 1960. Amma 1804 ita ce shekarar da Shehu Usumanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jihadi bai ko kankama ba. Cikin 1961 Abdullahi Smith ya gwada jerin sarakunan Zazzau da aka rubuta da Larabci da sauran labarin jihadi, ya nuna sai a ƙarshen 1808 Malam Musa ya shiga Zariya, watau bayan faɗuwar Alkalawa. Masana da yawa suka bi wannan magana. Malam Musa ya yi sarauta har 1821, Yamusa ya gaje shi, sa'an nan Abdulkarim a 1834, wanda a zamaninsa Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a.

Kun ga kuskuren shekara 4 ba ya gyaruwa da gardama a bakin zaure, sai an jera takardu an auna su. Akwai kuma wani tarko. Shekarar Hijira ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, saboda haka wanda ya haɗa lissafin biyu bai lura ba, sai ya ɓata kusan shekara 3 cikin kowace 100. Wannan shi ne amfanin tara littattafai wuri guda.

Ga yadda mai bincike kan yi. Da farko ya tsai da tambayarsa guda ɗaya. Sa'an nan ya duba jerin sunayen littattafai, wanda da can a kan 'yan katuna ake rubutawa cikin akwatuna, daga baya aka zuba a kwamfuta. Kowane littafi da lambarsa, ita ke nuna kantar da yake. In ya rasa, ya tambayi ma'aikaci, gama matambayi ba ya ɓata. In ya samu, ya lura da wanda ya rubuta, da lokacin da ya rubuta, da wurin wanda ya ji. Shaidar wanda ya gani da ido, kamar Clapperton da ya ratsa Zariya a 1826, ba ɗaya take da ta wanda ya ji a bakin jikoki ba. Duk abin da ya kwafa, ya rubuta sunan littafin da shafinsa, don na baya ya iya bin sawu.

Saura magana ɗaya gare ku, ku da kuka yaƙi jahilci da girmanku. A gidaje da yawa na birnin nan akwai takardun kakanni, gara na ci, damina na jiƙawa, rabon gado kuma na raba littafi ɗaya gida uku. Takardar da ta lalace ba ta da magaji. Wanda ke da irin waɗannan, ya kai a ɗauki hotonsu tun da sauran rubutu a jiki. Allah ya sa mu bar wa na baya abin da za su san asalinsu da shi, amin.