Zubar da ciki da doka: daga 1920 zuwa ƙuri'ar Porto-Novo

A ƙasashen da Faransa ta rena, hukuncin zubar da ciki da ke cikin kundin kotu gado ne daga Turawa. Kundin laifuffuka na zamanin Napoleon ya tanadi ɗauri a kansa tun 1810. Ranar 31 ga Yuli 1920 kuma, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye wa Faransa maza sama da miliyan ɗaya, majalisarta ta ƙara da dokar da ta hana kiran mata zuwa zubar da ciki, ta hana har tallar maganin hana ɗaukarsa. Haihuwa take nema ido rufe. Dokar ta biyo gwamnoni zuwa ƙasashenmu, aka sami 'yanci a 1960 tana nan daram. Ita Faransar ta canza hanya a 1975, zamanin minista Simone Veil. Tunisiya ma, ƙasar Musulmi, ta riga ta: a 1965 ta yarje wa mai 'ya'ya biyar, a 1973 ta buɗe wa kowace mace cikin wata ukun farko.

A Nijar shekarar da nake ganin ta fi nuna zuciyar jama'a ita ce 2006. A cikinta majalisar dokoki ta ƙi amincewa da Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata, wadda sashenta na 14 ya yarda da zubar da cikin fyaɗe da wanda ke barazana ga lafiyar uwa. Ƙungiyoyin addini sun soki sassan aure da gado ma. Amma a shekarar dai aka yi dokar lafiyar haihuwa, wadda ta ba likita damar cire ciki idan ran uwa na cikin haɗari, ba a kuwa yi irin waccan hayaniyar ba.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi ta Hanafiyya tsanantawa a nan, ba ta son a taɓa ciki tun shigarsa, duk da haka malamanmu sun san lalura. Matar aure da likita ya ce za ta mutu, ba a cika jayayya a kanta ba. Gardamar a kan budurwa take, don mutane na tsoron a buɗe ƙofar alfasha. Ita ce kuwa ke shan jiƙo ko tarin ƙwayoyi a ɓoye, jini ya ɓalle, a kai ta asibiti a makare. Idan ta cika, dangi su ce zazzaɓi ne. Mutuwar da aka ɓoye sanadinta ba ta canza ra'ayin kowa.

Masu neman halattawa su ma sukan cika baki. Zubar jini bayan haihuwa da jijjiga da doguwar naƙuda ke kashe mafi yawan matanmu, doka kuwa ba ta kawo motar asibiti ƙauye.

Makwabciyarmu Benin ta yi abin da ba a zata ba. A watan Oktoba 2021 majalisarta da ke Porto-Novo ta halatta zubar da ciki har mako 12, idan cikin zai jefa mace cikin ƙuncin abin hannu, karatu, aiki ko hankali. Ministan lafiya Benjamin Hounkpatin, wanda likitan mata ne, ya ce kimanin mata 200 ke mutuwa duk shekara sanadin zubarwar ɓoye. Limaman Katolika sun yi tir da dokar, amma ta wuce.

Gana ta sassauta tata tun 1985, zamanin Rawlings, ta sa har lafiyar ƙwaƙwalwar uwa cikin uzurori. Bayan shekara talatin, binciken lafiyar mata na ƙasar ya tarar mafi yawansu ba su ma san doka ta ba su wannan damar ba.