Faya-fayen Farko na A'isha Bafallatiya: Abin da Suka Ɗauko da Abin da Suka Bari

Duk sa'ad da wani cikin 'ya'yanmu masu gambarar zamani ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko, sai gardama ta kaure, wasu na yabo wasu na kushe. Mu Hausawan Sudan wannan gardama ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu sun yi irinta a Umdurman fiye da shekara 80 da suka shige, a kan 'yar wani malami.

Sunanta A'isha Musa Ahmad. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne, hanyar hajji ta biyo da su, suka ya da zango, zango ya zame musu gida. An haife ta a Kasala, ta tashi a Umdurman, a makarantar allon mahaifinta, wadda a nan ake kira halwa. Ta soma waƙa a gidajen biki. Mahaifin bai so ba, ya yi mata aure don ta bari, auren kuwa bai yi ƙarko ba. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin garmaho na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira aka naɗi faya-fayenta na farko.

Ƙarfin waɗannan faya-faye yana ga muryar. Wadda ta taso da tilawa ta san mafitar kowane harafi, ta san inda ake ja da inda ake tsayawa. Nan da nan suka cika shagunan gahawa, mazaunar maza zalla, muryarta ta shiga inda ƙafarta ba ta takawa. Wannan ne ya share mata hanya zuwa gidan rediyon Umdurman, wanda aka buɗe a 1940. A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, tare da ƙanwarta Jidawiyya mai kaɗa ud, wato molon Larabawa. Masu sauraro suka yi maraba, amma waɗansu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan don fushi.

Rauninsu kuwa uku ne. Na ɗaya, fuskar faifan garmaho ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti uku, sai aka datse waƙar biki, wadda ta saba miƙewa da amshi da tafi. Na biyu, galibin baitocin soyayyar da ta rera maza ne suka tsara mata: murya tata, magana tasu. Na uku shi ya fi ci mana rai. Waƙoƙin da suka yi tashe da Larabcin Sudan aka yi su, sunan da aka tallata su da shi kuma "al-Fallatiya" ne. Fallata shi ne laƙabin da ake yi wa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a haɗe, sau da yawa cikin raini. Ta ɗauki sunan nan ba ta ɓoye shi ba har ya zama abin alfahari. Sai dai kasuwa ta karɓi asalinmu a matsayin tambari, harshenmu kuwa ta bar shi a zaure.

Ta rasu a Umdurman a 1974, ta bar waƙoƙi sama da 150.

Saboda haka in za mu auna aikin farko na mawaƙi, kada mu tsaya ga ƙidayar kurakurai, mu duba ƙofar da ya buɗe. Ku kuma samari, yau ba kamfanin da zai raɗa muku suna, ba faifan da zai yanke muku numfashi. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya warwatsa unguwanninmu na Khartum da Umdurman, dattawan da suka san labarinmu suna ƙarewa. Ita an tauye ta, tana da hanzari. In kundinku ya fito babu Hausa a ciki, wa za ku ce ya hana ku?

Allah Ya jiƙanta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.