Daudu a Agege: Harshen Damo da Saɓanin Rubutu a Kalmomin Jinsi

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin kalmar daudu da 'yan uwanta a bakin Hausawan Agege. Ta nuna cewa daidaita ɗan daudu da ɗan luwaɗi, yadda ake yi a jaridu da fassare-fassare, kuskure ne na ma'ana, kuma zama da Yarabawa ya ƙara fito da kuskuren fili.

Waiwaye

Kleis da Abdullahi (1983) sun kalli daudanci a matsayin sana'a: girki, sayar da abinci da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Rudolf Gaudio (2009), wanda ya yi aikinsa a Kano, ya kai ga abin da masu shi ke kira yaren harka, inda harka ke nufin tarayyar namiji da namiji, farar hula kuwa wanda ke cikinta amma bai ɗauki salon mata ba. Ba ni da ja da Gaudio. Shi kansa ya raba daudanci da harka. Jayayyata da waɗanda suka biyo bayansa ce, suka tsinci kalma ɗaya suka mai da ita kwandon zuba kowa. Abner Cohen (1969) ya nuna a unguwar Sabo ta Ibadan yadda Bahaushe ke ƙara riƙe al'adarsa a kurmi, sai dai bai shiga wannan fage ba.

Hanyar Bincike

Sauraro da hira a teburan mai shayi da rumfunan abinci na Zangon Agege, sai duba yadda matasa ke rubuta kalmomin a waya.

Sakamako

Batun rubutu gajere ne. Wayar da ba ta da ƙugiya ta haifar da dan daudu da d'an daudu a gefen ɗan daudu. Nijeriya na rubuta 'yan, Nijar na rubuta ƴan, kuma Agege na da mutanen ƙasashen biyu. Luwaɗi ana jin sa liwaɗi ko luɗu, maɗigo ya koma madigo. Ma'ana ba ta motsa ba.

Sara kuwa da gangan take ɓoye kanta. Harka kalmar kasuwa ce, kifi abinci ne, amma 'yan kifi wani abu ne dabam, wato 'yan maɗigo. Na ga dillali ya ce wa baƙo, «Alhaji, yaya harka?» ba wanda ya ɗaga kai, sai wani yaro a ƙarshen benci ya sunkuyar da fuska yana murmushi.

Babban abin shi ne daudu kanta. Asalinta ba zagi ba ne. A Kano lakabin Galadima ne, kuma ana danganta 'yan daudu da Ɗan Galadima, iskan bori mai son ado da kyauta. Bayarabe kuma yana da Dawodu ko Daodu, wato babban ɗa namiji mai riƙe gida bayan mahaifi. Matsayi ne da kotun Legas ta amince da shi tun shari'ar Lewis da Bankole a farkon ƙarni na 20, kuma har yau sunan zuri'a ne. To a Agege lafuzzan biyu suna gogayya a layi ɗaya. Wani dattijo mai sayar da goro ya ba ni labarin maƙwabcinsa Bayarabe da ya nuna ɗansa cikin alfahari ya ce shi ne Dawodun gidan. Yaran shago suka ƙunshe dariya. Dattijon ya ce musu, «Ku ne ba ku sani ba, 'ya'yana. Mu ma da sarauta muka san ta.» A ganina wannan shaida ce babba. Abin da ya dusashe a kunnen matasan Arewa, wato ma'anar girma da gado, yana raye a bakin maƙwabta. Kalmar da ta bi ta fada, ta bi ta bori, ta sauka rumfar tuwo, ba za a taƙaita ta ga abin da ake zargin mutum da yi a ɓoye ba. Ɗan daudu a Hausa yana bayyana salo ne: tafi, rangwaɗa, habaici, ɗaurin zane. Da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya.

Ruɗanin ba wasa ba ne tun da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14. Fassara ɗaya marar kyau ta isa ta jefa mai tuyar waina cikin zargi.

Za a ce Zango ba shi ne duk Legas ba, ban je Idi-Araba ko Mile 12 ba, kuma mata ba su saki jiki da ni ba. Haka ne, amma bai taɓa hujjar ba.

Kammalawa

Ina kira ga masu ƙamus, 'yan jarida da tafintocin kotu su ba daudu shigarta daban, da ma'anoninta a jere, su daina fassara ta da luwaɗi.