Tarihin Kula da Lafiyar Ɗaliban Jami'a a Najeriya

Jami'o'in farko na Najeriya an gina su ne a bayan gari, kowace tamkar ƙaramin gari mai cin gashin kansa. Kwalejin Jami'a ta Ibadan ta buɗe a 1948, Jami'ar Nsukka a 1960, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa a 1962, a Samaru kusa da Zariya. Ɗalibin wancan zamani a makaranta yake kwana, a nan yake ci, iyayensa kuma suna can nesa. Saboda haka ɗawainiyar lafiyarsa ta faɗa wuyan hukumar makaranta tun daga ranar da ya shigo. Kowace jami'a ta tanadi ƙaramin asibiti mai likita da ma'aikatan jinya da ɗakin magani da 'yan gadaje. Sabon ɗalibi sai an gwada jininsa da fitsarinsa, an ɗauki hoton ƙirjinsa don gudun tarin fuka, kafin a buɗe masa fayil a ba shi kati. Ciwon da ya fi ƙarfin wannan asibiti akan tura shi asibitin koyarwa, irin na Ibadan da aka buɗe a 1957, ko na Zariya da ya daɗe a Tudun Wada kafin ya koma Shika.

Gwamnati ce ke biyan kusan komai, kuma abin ya yiwu ne domin ɗaliban ba su da yawa. Kuɗin mai na shekarun 1970 ya sauya lissafin. A 1975 aka kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano. Ɗalibai suka ninka, amma asibitocin makarantu ba su faɗaɗa daidai da su ba. Alamar gajiyar gwamnati ta fara fitowa a 1978, lokacin da aka ƙara kuɗin abinci da na makwanci, ɗalibai suka yi bore suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayuka a Zariya da Legas. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Babangida kuma ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta karye. Yawancin magunguna daga waje ake shigo da su, don haka suka yi tashin gwauron zabi. A wannan lokaci ne aka saba da abin da ya zama ruwan dare: likita ya duba ɗalibi kyauta, ya rubuta masa takarda, a ɗakin magani a ce babu, sai ya nufi kemis a bakin ƙofar makaranta. Wanda aljihunsa bai kai ba yakan sayi rabin abin da aka rubuta, ya sha na kwana biyu ya bari da zarar zazzaɓi ya sauka. Jami'o'i suka dogara da kuɗin asibiti da ake karɓa wajen rajista, wanda bai taka kara ya karya ba.

Maganar inshorar lafiya ta girmi wannan matsala. Tun a 1962 ministan lafiya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa ƙuduri a kanta, bai samu shiga ba. An yi ta kafa kwamitoci a shekarun 1980, har gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar inshorar lafiya ta NHIS da doka mai lamba 35 a 1999. Aiki bai kankama ba sai 2005, zamanin Obasanjo, kuma da ma'aikatan gwamnatin tarayya aka fara. Tsarin ya ɗauki ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A nan giɓin ya bayyana. Matashi yakan fita daga inuwar mahaifinsa daidai lokacin da yake shiga jami'a, ba shi da albashin da za a yanka, ɗan manomi da ɗan kasuwa kuwa dama ba su taɓa shiga ba.

Don toshe wannan giɓi aka ƙirƙiro shirin inshorar ɗalibai na TISHIP, wanda ya haɗa jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Ɗalibi yana biyan kuɗin shekara guda tare da kuɗin rajista, kuma a baya an daɗe ana karɓar naira 2,000. Makaranta ta zaɓi kamfanin kula da inshora, wato HMO, asibitin makaranta kuma ya zama matakin farko bayan hukuma ta tantance shi. Ana ware masa kaso bisa yawan ɗaliban da ke rajista, ko sun zo ko ba su zo ba. Sauran kuɗin na jinyar da ta wuce matakin farko ne, kamar tiyatar gaggawa ko karaya, kuma sai kamfanin ya ba da lambar amincewa kafin babban asibiti ya karɓi ɗalibi a kan inshora. Hikimar a bayyane take: dubban matasa da yawancinsu lafiyayyu ne su tara kaɗan-kaɗan, a yi jinyar ƙalilan ɗin da ciwo ya kayar.

Aiwatarwa ce ta yi ta tangal-tangal. Ɗalibai da dama sun biya ba tare da sanin me suka saya ba, domin kuɗin yana cikin jerin abubuwan da ke kan rasit. Akan yi ƙorafin jinkirin miƙa kuɗi tsakanin makaranta da kamfani da asibiti, da jiran lambar amincewa alhali maras lafiya yana kwance. Hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin da ake biya. Dogon yajin aikin malamai, irin na wata takwas a 2022, yakan nisanta ɗalibi da asibitin da fayil ɗinsa yake. A Arewa akwai kuma masu ɗari-ɗari da inshora ta fuskar addini, abin da ya sa jihohi irin su Kano suka gina nasu tsarin a kan taimakekeniya. Mafi nauyi a cikin waɗannan duka shi ne ɗakin magani, domin ɗalibi da shi yake auna shirin: in ya miƙa takarda aka ba shi magani ya yarda, in aka tura shi kemis ya ɗauka an karɓi kuɗinsa a banza.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa. TISHIP ya ci gaba a ƙarƙashin sabuwar hukumar, wadda doka ta ba ta ikon sa ido a kan kamfanonin HMO da tsare-tsaren jihohi baki ɗaya.