Kalmar "Daraja": Daga Fagen Fama Zuwa Bakin Sikeli



Kalmar daraja bakuwa ce wadda ta zama 'yar gida. Daga Larabci Hausa ta aro ta, inda ma'anarta ta asali ita ce mataki, wato irin na tsani. Masu Sawahili ma sun are ta, har suna kiran gada da ita. Bahaushe kuwa ya ɗora ta kan mutum. Shi ya sa akan ce wane ya ci darajar ubansa, ko a roƙi mutum ya yi wa darajar Allah. A fiƙihu, in za a biya diyyar kayan da aka ɓata, ƙima ake cewa.

Tarihin Ƙaura Namoda ya isa misali. Namoda, jagoran Alibawan Zurmi, yana cikin jaruman da suka ci Alƙalawa a 1808. Darajarsa a fagen fama ya same ta, ba a kasuwa ba, har garin ya ɗauki sunansa.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta biyo ta Gusau ta tuƙe a Ƙaura. Gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Shinkafi suka riƙa kwararowa bakin sikelin kamfanoni. A nan malamin awo ke rarraba amfanin gona hawa-hawa, kowane hawa da kuɗinsa. Sannu a hankali sai ga daraja a kan buhu, aka shiga cewa gyaɗa ta yi daraja bana.

Daga buhu ta koma kan kuɗin kansu. An fito da naira a 1973, kuma tun daga 1986 "faɗuwar darajar naira" ta zama maganar yau da kullum. Har ila yau, rahoton Udoji na 1974 ya jera ma'aikata a matakan albashi 17. Ke nan kalmar ta komo ga tsaninta na asali, sai dai yanzu albashi ne ke nuna matakin.

Haɗarin shi ne mu ɗauka cewa matakin ofis shi ne darajar mutum. Darajar kaya takan hau ta sauka da kasuwa, ta ofis kuma takan ƙare ranar ritaya. Wadda kakanninmu ke nufi aiki ne da hali suke kafa ta, jama'a kuma ke shaidarta. Wajibinmu ne mu rarrabe su a bakinmu, domin mu iya rarrabe su a aikinmu.