Luru

Luru bargo ne mai kauri da masaƙan Hausa ke saƙawa da hannu da zaren auduga, musamman a ƙasashen Kano da Katsina. Ana lulluɓa da shi lokacin hunturu, ana kuma shimfiɗa shi a kan gado. A garuruwan karkara irin su Kankiya da Kusada, da ke tsakiyar Jihar Katsina, barguna da dardumomin kanti sun mamaye gurbin irin wannan saƙa ta gida.

Aikin yana farawa daga hannun mata. Su ne ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari ta zama zare da abawa. Maza ke saƙa ta a masaƙar kwance, su fitar da dogayen ƙyallaye, sannan a ɗinke su gefe da gefe. Farin zare ne tushe, adon kuwa ratsi ne da zane mai kusurwa na zaren da aka rina da baba. Gwanintar masaƙi tana bayyana wajen haɗi, domin dole zanen kowane ƙyalle ya dace da na maƙwabcinsa.

Takwaransa na ulu shi ne kasa, wanda masaƙan Fulani, Maabuuɓe, ke saƙawa da gashin tumakin Masina a Mali. Saƙar Hausa ma ta daɗe da kaiwa Mali: matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Timbuktu.